Matar da Ta Yayyanka Sashen Farfesa Ginshiƙi

Duk wanda ya yi karatu a tsangayar kimiyyar zamantakewa ta jami'ar nan ya san Malama Ba-Komai. Gajeriyar mace ce mai tabarau mai kauri, ba ta sauri, ba ta hayaniya. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Ɗalibi ya makara ya shigo aji yana raɓe-raɓe, sai ta ce ba komai. A ɗora mata kwas ɗin da kowa ya ƙi, ba komai. A tsallake ta wajen ƙarin girma, ba komai. Ɗalibai kan ce ko benen tsangayar ne ya rufto mata, abin da za a jiyo daga ƙarƙashin ɓaraguzai ke nan. Shi ya sa aka yi shekara da shekaru ba a san abin da take ɗauke da shi a ciki ba.

Lokacin da ta shigo jami'a tana ɗaliba, tsangayar ba ta kai girman da take da shi yanzu ba. Tsohon bene ne da aka gada daga wata makarantar horar da ma'aikata, mai doguwar baranda da tagogin katako da ba sa rufuwa. Sassa uku ne kacal a ciki. Sashen tattalin arziki yana ƙasa ta hannun dama, malamansa sun yi suna wajen rowa, har ana cewa alli ma sai sun gutsure shi kafin su ara wa juna. Sashen kimiyyar siyasa yana hagu, su kuma ba su taɓa tashi daga taro ba sai wani ya bugi tebur ya fice. Saman bene kuwa gaba ɗaya na sashen nazarin zamantakewa ne, domin duk ilimin da aka rasa inda za a ajiye shi can ake tura shi. Nazarin halayyar ɗan'adam, nazarin laifuffuka, ƙididdigar al'umma, aikin walwalar jama'a, duk rufi ɗaya, shugaba ɗaya.

Shugaban nan shi ne Farfesa Ginshiƙi, ƙaton mutum mai murya kamar ana gangaro da ganga. Yana cikin waɗanda aka buɗe tsangayar da su, kuma ba ya gama magana bai tuna wa mutane hakan ba. "Ni ne ginshiƙin gidan nan," in ji shi, har sunan ya bi shi. Ofishinsa na ƙarshen baranda, shi kaɗai ke da kafet da firji. Ran taron tsangaya malamansa kan cika rabin ɗakin, don haka duk wanda ke son shugabancin tsangaya sai ya hau benen nan ya gaishe shi tukuna.

A sashen ne ta haɗu da mijinta. Malamin ƙididdiga ne, siriri, kullum da farin alli a gefen riga, in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar wanda ya yi laifi. Kwas ɗinsa shi ne dodon ɗalibai, amma shi kansa kowa na sonsa, domin yakan zauna da mutum a kan lissafi guda har sai ya shige shi. Bayan ta gama digiri aka riƙe ta a matsayin ƙaramar malama a fannin walwalar jama'a, suka yi aure, aka ba su gida a rukunin gidajen malamai, mai bishiyar gwaiba a bayan kicin. Har bayan sun haifi 'yarsu bai daina kiranta Ɗalibata ba, ita kuma Malam take ce masa.

Wata shekara zaɓen shugaban sashe ya matso, ƙananan malamai suka fara raɗe-raɗin cewa wannan karon malamin ƙididdiga suke so. Shi bai nema ba, dariya ma ya yi da aka gaya masa. Amma maganar ta kai ƙarshen baranda.

Ana cikin haka ɗalibai suka yi bore. An daɗe babu ruwa a ɗakunan kwanansu, sun kai kuka har sun gaji, rannan da hantsi suka fito da bokitai suna bugawa, suka cika filin gaban tsangaya. Malamai suka tsaya a baranda suna kallo. Tana nan tsaye, rungume da takardun jarrabawa, Farfesa ya dafa kafaɗar mijinta.

"Malam, yaran nan suna jin maganarka. Sauka ka lallashe su kafin a kira 'yan sanda."

Ya sauka. Ya hau kan dakali yana ɗaga hannu yana ba su haƙuri, wasu suka saurara, amma na baya suka zarce ginin hukumar jami'a, suka farfasa tagogi, suka kife motar wani babban jami'i. Aka rufe makaranta, aka kafa kwamitin bincike. Mutane da yawa sun ga malamin ƙididdiga a kan dakali a tsakiyar ɗalibai, kuma ba su ji abin da yake faɗi ba. Da kwamiti ya kira Farfesa, sai ya gyara zama ya ce shi bai aiki kowa ba, hasali ma ya daɗe yana jan kunnen malamin kan yadda yake tara ɗalibai a ofis. Ta nemi a saurare ta, aka ce shaidar mata a kan miji ba ta da amfani.

Ta tafi ofishin ƙarshen baranda, ta same shi yana ɓare lemo a kan jarida. Ta durƙusa a kan kafet ɗin nan.

"Farfesa, ina tsaye a wurin. Da kunnena na ji ka ce ya sauka."

Bai ɗago ba sai da ya gama cire ɓawon. "'Yata, a cikin hayaniya kunne yakan jiye wa mutum abin da yake so. Ki tashi. Ki riƙe aikinki da kyau, don yanzu ke ce mai ciyar da gida." Ya miƙo mata ɓarin lemo.

Aka kori mijinta, aka karɓe gidan, tunda da sunansa aka bayar. Suka kama ciki da falo a bayan wani garejin kanikawa, inda ƙarar guduma ke tashe su da safe, ƙaurin baƙin mai ya kama labule da kayan sawa. Ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, yana koya wa yara jimla da ɗebewa. Bai taɓa zagin kowa ba. Sai dai dariyar nan ta ɗauke, kuma in ya raka ta bakin titi ta hau motar jami'a, yakan juya baya tun kafin motar ta tsaya, don kada ya ga tambarin da ke jikinta. Bai cika shekara uku ba ya yanke jiki ya faɗi a gaban allo, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Farfesa ya zo gaisuwa da ayarin malamai, aka ba shi kujera mafi kyau a gidan. Ya yi tsaki, ya girgiza kai, ya ce an yi rashin haziƙi. Ta dube shi ta cikin tabarau ta ce, "Ba komai, Farfesa. Na gode da zuwa."

Da baƙi suka watse, yayarta ta jawo ta ɗaki. "Ke wace irin zuciya gare ki? Mutumin nan ya kashe miki miji, kina yi masa godiya? Ki ajiye musu aikinsu ki dawo wurina, ba za mu rasa abin da za mu ci ba."

"Yaya, in na bar wurin, wa zai tsaya ya gani?"

"Ya ga me?"

"Ranar da zai waiwaya ya ga babu kowa a bayansa."

Yayar ta dube ta, ta ga idonta a bushe ƙamas, sai tsoro ya kama ta.

Ta koma aiki, ta zauna ta karanci mutumin kamar yadda ake karanta darasi. Zagi ba ya damunsa, ƙara ba ta kama shi, kunya kuwa bai san ta ba. Abu ɗaya ta gano yana so har cikin ransa, shi ne girman sashensa. Da safe yakan taka barandar daga farko har ƙarshe yana ƙwanƙwasa ƙofofi, malamai na fitowa suna rusunawa, fuskarsa na sheƙi. Ta ce a ranta, to, ƙofofin nan za ta raba shi da su.

Sai ta zama ta hannun damansa. Ta duba masa takardun jarrabawa, ta shiga masa aji in ya yi tafiya, ta haɗa shayi ran taro. Har yakan nuna ta ya ce wa sauran, "Ku yi koyi da baiwar Allahn nan. An jarrabe ta, ba ta riƙe kowa a zuci ba."

Wanda ta fara da shi wani matashi ne da ake kira Dakta Dogo, wanda ya dawo daga karatu a ƙasar waje da digirin digirgir a nazarin halayyar ɗan'adam. Farfesa ba ya son mai ɗaga kai, don haka ya ba shi wani ɗakin ajiya a matsayin ofis, babu taga, ga tsofaffin kujeru jibge har rufi. Rannan ta leƙa ta same shi yana fifita da bangon littafi, gumi ya jiƙa masa riga. Ta ajiye masa ruwan sanyi.

"Dakta, ni jahila ce a fanninku. A can inda ka yi karatu, a ƙarƙashin wane sashe kuke?"

"Ƙarƙashin wa? Malama, sashe ne mai zaman kansa, da ɗakin gwaji, da shugabansa, da komai!"

"Au, ashe haka ne," in ji ta. Ta dubi kujerun nan, ta dubi rufin, ta fita.

Ba ta ƙara ce masa komai ba sai da ya zo da kansa yana tambaya ta ina ake bi fanninsa ya zama sashe mai zaman kansa. Nan ma ba ta ba shi shawara kai tsaye ba. Hira kawai take yi. A cikin hira ya ji waɗanne dattawan majalisar jami'a ne Farfesa ya taɓa ci wa fuska, ya ji cewa shugaban sashen tattalin arziki ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan ɗakunan saman bene, ya ji cewa 'yan kimiyyar siyasa za su goyi bayan ko mene ne muddin zai jawo rigima. Abin ya ɗauki shekaru, takarda ta je ta dawo, ta sake zuwa. Ran da aka kawo maganar gaban taron sashe, Farfesa ya yi ta kumfar baki, ya ce masu son a raba sashen su ɗaga hannu, sannan masu ƙi. Hannun Malama Ba-Komai ne ya fara tashi a cikin masu ƙi. Dakta Dogo ya dube ta baki buɗe, ita ko ko gezau.

Majalisa ta amince duk da haka. Kafintoci suka zo suka gitta katako a tsakiyar baranda, masinjoji suka riƙa fitar da tebura da kabad. Farfesa ya tsaya hannu a baya yana kallo, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ta matso kusa da shi ta ce, "Sai haƙuri, Farfesa. Ɗan yau ba shi da kunya." Da ta koma gida rannan ta sayo kaza, ta yi girki tana 'yar waƙa, har 'yarta ta tambaye ta ko baƙi za a yi.

Na biyu bai ba ta wahala ba. Masu nazarin laifuffuka sun ga Dogo da ofis mai taga da sakatariya, ga hukumomin tsaro na neman inda za su riƙa turo ma'aikatansu ƙaro ilimi. Tura su kaɗan ta yi suka gangara. Masu ƙididdigar al'umma kuwa, fannin mijinta, da suka tashi sai suka haɗe da malaman labarin ƙasa da aka kwaso daga wata tsangaya, aka yi musu sabon gini a bayan filin ƙwallo. Ran da aka fitar da tsohon teburin mijinta daga saman bene, ta kulle kanta a ofis ta yi kukan da ba ta yi ba ran rasuwarsa, ta wanke fuska, ta tafi ta shiga aji.

Wanda ya ci mata rai shi ne na fanninta. Ƙananan malaman walwalar jama'a, yawancinsu ɗalibanta ne, suka same ta suka ce lokaci ya yi, kuma ita suke so ta shugabance su. Da ta yarda, da ta samu ofis da mota da ƙarin girman da aka daɗe ana hana ta. Amma da ta bar saman bene, da Farfesa ya gane, kuma da ba ta kusa ranar da take jira. Ta nuna musu hanya a ɓoye, ta ce su tafi, ita ta tsufa da canjin wuri.

'Yarta, wadda a lokacin ta zama ma'aikaciyar jinya har ta yi aure, ita kaɗai ta san gaskiyar zancen, kuma ranta ya ɓaci.

"Mama, wai sai yaushe? Sa'o'inki duk sun zama farfesoshi, ke kina nan kina dafa wa mutumin nan shayi. Ko hutu ba kya ɗauka. Haihuwata ta fari ma kwana nawa kika yi mini kika ce jarrabawa ta taso?"

"Na kusa."

"Haka kike cewa tun ina firamare. Baba da kansa da yana nan cewa zai yi ki bar shi da Allah."

"Babanki ya bar shi da Allah, na gani. Ni ban iya ba." Ta cire tabarau tana gogewa da bakin mayafi. "Ke ba ki ga yadda yake juya baya a bakin titi ba. Ni na gani."

'Yar ta ɗauki ɗanta ta tafi, aka yi watanni ba ta leƙo ba. Uwar ta ji zafin abin, amma ba ta fasa ba.

Da ritaya ta matso, Farfesa ya ga ya kamata ya rufe aiki da kujerar shugaban tsangaya, wadda ya sha ɗora wasu a kai. Bai lura cewa zamani ya juya ba. Sassa sun zama bakwai, nasa ya koma ɗakuna 'yan kaɗan a ƙarshen baranda, malamansa ba su cika benci biyu ba. Wanda ya fito takara da shi kuwa Dogo ne, wanda shi ma ya zama farfesa. Ya kira Malama Ba-Komai ya ce ta zaga ofis-ofis ta nema masa goyon baya, tunda kowa na ganin girmanta. Ta ce to. Ta zaga ɗin kuwa, ba ofishin da ta tsallake. Ko'ina ta zauna sai ta ce Farfesa ne ya aiko ta, sannan ta shiga yabonsa. "Mutumin kirki ne, ka manta da maganar hana ka tafiya karatu da ya yi, ai ya wuce." "Ki yafe masa abin da ya faɗa a kanki gaban ɗalibai, tsufa ne." Kafin ta fita, mai ofis ya tuna duk abin da ya manta.

Ya sha kaye mai muni. Bayan an faɗi sakamako ya hau bene shi kaɗai, yana dafa bango, babu mai riƙe masa jaka. Ta kai masa shayi. Ya ɗaga kofin zai kai baki, shayin ya zube masa a riga. Ya ce, "Duk sun ci amanata, 'yata. Ke kaɗai kika rage." Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ji wani sanyi na ratsa ta tun daga ƙirji har tafin ƙafa. Ta ɗauka ta gama.

Bayan ya yi ritaya da 'yan shekaru, tsangaya ta cika shekara hamsin, aka shirya biki, aka gina sabon ɗakin taro. Sai ta ji a bakin sakatariya cewa sunan Farfesa Ginshiƙi za a sa wa ɗakin, wai shi ne uban sassa, daga inuwarsa guda huɗu suka fito. Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Aikin da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai, shi aka ɗauka aka naɗa masa a ka. Ta wuce kai tsaye ofishin Dogo.

"Ranka ya daɗe, ka manta ɗakin ajiya?"

Dogo ya yi dariya, ya yi ƙiba yanzu, har da furfura. "Haba Malama, ai an wuce wurin. Tsoho ne, kwana nawa ya rage masa? Kuma tarihi sai da uba. Ke ma mun sa ki cikin masu jawabi, tunda ba wanda ya zauna da shi kamarki."

Ta ce, "To, zan yi."

Ran biki ɗakin ya cika maƙil, ƙamshin sabon fenti na tashi, tsofaffin ɗalibai sun zo da manyan motoci. Farfesa na zaune a sahun gaba da sanda, iyalinsa kewaye da shi. Shugabannin sassa suka riƙa tashi suna ba da tarihin sassansu, kowa na cewa da albarkar Baba aka kafa. Da aka kira ta, ɗalibai suka ɗauki tafi suna kiran sunan nan nata. Ta hau a hankali, aka sauke mata makirfo daidai tsayinta.

"An ce in faɗi abin da na sani game da Farfesa," in ji ta. "Na san shi ranar da ɗalibai suka fito da bokitai. Yawancinku ba a haife ku ba. Ina tsaye a baranda ya dafa mijina ya ce ya sauka ya lallashe su. Mijina ya sauka. Da aka zo bincike Farfesa ya ce bai aiki kowa ba. Aka kori mijina, aka fitar da mu daga gida, ya mutu yana koya wa yara jimla a bayan gareji. Na durƙusa a ofishinsa, ya miƙo mini lemo."

Mai gabatarwa ya matso zai karɓi makirfo, ta ɗaga masa hannu, ya tsaya.

"Sassan nan kuma da ake cewa ya haifa, ba wanda bai yaƙa ba. Ga shugabanninsu nan zaune, su ƙaryata ni. Ba haihuwarsu ya yi ba, ƙwace su aka yi daga hannunsa, kuma ni na nuna hanya, ɗaya bayan ɗaya." Ta juya ta fuskanci sahun gaba. "Farfesa, shayin da na yi ta kawo maka, zuwa nake in ga fuskarka. Ka ji da kyau? Ko yau ma hayaniya ta yi yawa?"

Tsohon ya yunƙura zai tashi, sandar ta zame ta faɗi. Bakinsa na motsi, abin da ya fito kawai shi ne, "Ke? Ke?" 'Ya'yansa suka kama shi suka fita da shi ta ƙofar gefe. Ita kuwa ta sauko ta koma kujerarta, ta zauna har aka tashi, har ta karɓi lemon kwalba da aka raba ta shanye.

An daɗe ana maganar. Wasu suka ce ta yi jarunta, wasu suka ce rashin imani ne a tozarta tsoho gaban jikokinsa. Waɗanda ta taimaka wa suka kafa sassa suka riƙa kauce mata a baranda, don ba wanda ke son a ce tura shi aka yi. Dogo bai ƙara yi mata magana ba. Sunan Farfesa yana nan a jikin ɗakin taron, tunda an riga an kafa allon, amma shi bai sake taka harabar tsangayar ba. A ƙarshen zangon ta ajiye aiki, ba a yi mata walima ba, ba ta kuma nema ba. 'Yarta ce ta zo da mota ta kwashe mata littattafai, ba ta ce ta kyauta ba, ba ta ce ba ta kyauta ba, sai dai ta gyara mata ɗaki a gidanta.

Yanzu tana can tana kiwon kaji a bayan gida, tana duba wa jikoki aikin makaranta. Wata-wata takan je asibitin jami'a inda tsofaffin ma'aikata ke ganin likita. A can suka sake haɗuwa da Farfesa, wata safiya da layi ya yi tsawo, benci duk ya cika sai ɗan wuri a gefenta. Ɗansa ya shigo riƙe da shi, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ɗan bai gane ta ba, ya nufo wurin da uban yana cewa, "Sannu Mama, ko za ki ɗan matsa wa Baba?"

Ta ɗago ta dubi tsohon, shi ma ya dube ta. Ta ɗauki jakarta daga cinya ta ajiye a wurin.

"Da mutum," in ji ta.

Tsohon ya ja hannun ɗansa, suka koma can jikin bango suka tsaya. Da layi ya zo kanta, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, yau jininki lafiya lau kamar na budurwa. Me kike ci ne haka?"

"Barci nake samu, 'yar nan," in ji ta, ta sauke hannun rigarta ta shiga wurin likita.